Abin da Aka Yanke a Bakin Kwano

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Gwaggo ta rasu ranar Laraba da hantsi a ɗakinta a Kazaure, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mu mata muka zauna a tsakar gida muna amsa gaisuwa. "Ya haƙuri?" "Haƙuri sai godiya." Na faɗe shi har bakina ya bushe.

Kowa da irin Gwaggon da ya zo wa ta'aziyya. Wata tsohuwa ta hau babur tun daga Roni, ta zauna tana haki ta ce, "'Ya'yana bakwai, duk a hannunta na haife su, kuma duk bakwai ɗin sai da ta yi mini faɗa." Aka yi dariya, aka koma share hawaye. Wata da suka yi aiki tare tun suna 'yan mata ta ce, "Allah Ya jiƙanta, mai gaskiya ce." Sai ta sassauta murya ta ƙara da cewa, "Amma fa aiki da ita, tabɗi!" Baffa, ƙaninta, ya leƙo daga zaure idonsa jawur. Sun taɓa yin shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa su, saboda ta ƙi sa baki a ɗauki 'yarsa aiki. Ya tsaya ya dubi ƙofar ɗakinta ya ce, "To, Yaya ta tafi da masifarta." Bai iya ƙarasawa ba, ya juya ya koma waje.

Ni 'yar wanta ce. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ita ta kai ni makarantar koyon aikin lafiya, kuma da ta yi ritaya shekara shida da suka wuce, ni aka ba riƙon ƙaramin asibitin da ta daɗe tana shugabanta, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Mutane suna ganina zugum suna cewa, "Allah sarki, uwa ta rasa." Haka ne. Amma ba shi kaɗai ne ya danne mini ƙirji ba. Kwana biyu kafin ta rasu na kai wata takarda ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. An ba asibitinmu gurbi ɗaya a kwas ɗin ungozoma, ni ce mai rubuta sunan wadda za ta je, kuma na rubuta sunan da Gwaggo ta ce kada in rubuta. A kan wannan muka rabu da ita, ban ko yi mata sallama ta kirki ba.

Wadda na tsallake tana cikin masu gaisuwar. Ta zo da wasu mata daga rugarsu, suka ajiye ƙwaryar nono, suka zauna can bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Shekara tara muna aiki tare. A asibiti 'Yar Ruga muke kiranta, kuma haka zan kira ta a nan, don ban nemi izininta na sa sunanta ba. Duk lokacin da na ɗaga kai sai in kauce wa wannan gefen.

Na gaji, wallahi, ban ma so yin rubutun nan ba. Amma ina jin yadda ake ta yabon Gwaggo, mai sallah, mai zumunci, mai kyauta, duk gaskiya ne, sai dai irin yabon da ake wa kowace tsohuwa ne. Nan da shekara biyu an mance ko wace ce. Gara in rubuta abin da na sani.

Gwaggo gajeruwa ce mai kauri, kullum da takalmin roba, kullum da ƙaramar rediyo a aljihun rigar aiki. Shayi take sha ba sukari tun kafin likita ya hana ta. Ba ta iya lallashi ba. In mai naƙuda tana ihu sai ta ce, "Yi ihunki, amma ki yi nishi tare da shi." In an gama kuma ita za ta dama kunun kanwa da hannunta ta tsaya a kai sai an shanye.

Tana da wata tambaya da ta ishe mu. In ka je mata da ƙorafi ka ce wance mai girman kai ce, ko wane malalaci ne, sai ta rage rediyon ta ce, "Ban tambaye ki halinta ba, halinta Allah ne Ya sani. Me ta yi?" In ka samo abin da ta yi, sai ta biyo da ta biyu: "To, da a ce 'yar Liman ce ta yi hakan, me za ki kira shi?" Kai, tambayar nan tana da ban haushi! Na tuna ranar da ma'aikata biyu suka makara. Ɗaya 'yar gari, ɗaya 'Yar Ruga. Da bakina na ce wa ta farkon, "Sannu, hidimar gida ko?" Ta biyun kuma da ta shige sai na ce, "Su dai ba su san lokaci ba." Gwaggo na bayana ban sani ba. Ta ce, "Su wa?" Sai ta ƙara da cewa, "Mutum ɗaya na ga ta makara, ke kuma kin ga ruga guda." Ranar ma ashe rafi ne ya kawo ruwa, sai da yarinyar ta zagaya ta kan gada.

Wannan hali ba da shi aka haifi Gwaggo ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Duk sabon ma'aikaci, ranar farko sai ta zaunar da shi ta ba shi labari guda, ba ta ragewa ba ta ƙawatawa.

Tana sabuwar incaji ne, wato mai riƙon asibitin, ranar awon ciki. Matan gari in sun zo sukan zauna a kan benci a baranda. Matan ruga kuwa sukan wuce can ƙarƙashin darbejiya su zauna, ba sa cusa kai, ba sa magana. In an gama da mace ɗaya sai a leƙo a ce, "Wa ke biye?" Ta kan benci ta amsa ta shige. Haka ake yi shekara da shekaru, ba wanda ya tsara shi, ba wanda ya ga laifinsa. Ran nan wata mai tsohon ciki ta zo daga ruga tun sassafe, ita ce ta fara zuwa. Kanta na ciwo, ƙafafunta sun kumbura. Ta zauna a gindin bishiyar tana jiran a kira ta. Ba a kai kanta ba har azahar, sai ihu aka ji, jijjiga ta kama ta a ƙasa. Uwar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

"Sau uku na wuce ta gabanta ranar," in ji Gwaggo. "Har sannu na yi mata. Da wani ya ce mini ina nuna bambanci, da na rantse da Alƙur'ani ba na yi, kuma da ban yi kaffara ba a ganina. To ga shi nan."

Washegari ta tara murafun kwalaben lemo, ta rubuta lamba a cikin kowanne da fenti, ta ba maigadi. Duk wadda ta shigo ƙofa ya miƙa mata ɗaya, ko a ina za ta zauna. Matan gari suka yi ta surutu, wata matar mai unguwa ta ce ita ba za ta bi bayan masu tallan nono ba. Gwaggo ta ce, "To koma gida ki dawo gobe da asuba, ki karɓi lamba ɗaya." Har yau da murafun nan muke kiran layi.

Sai maganar kwano. A asibitinmu bayan azahar mukan haɗu mu ci abinci a kwano ɗaya. Yau wannan ta kawo dambu, gobe waccan ta kawo shinkafa da wake. A nan ake hira, a nan ake tsokana, kuma a nan, ba tare da kowa ya yi niyya ba, ake gama maganar aiki. Takarda ta zo ana neman mutum ɗaya ya je bita Kazaure? A bakin kwano za a karanta, wata ta ce "ni ina so", a ce to. Wa zai yi hutu da Sallah? A bakin kwano.

'Yar Ruga ba ta ci da mu. Da aka ɗauke ta aiki mun yi tayin duniya, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi, ta koma ɗakin marasa lafiya. Muka ce girman kai ne. Wata ta ce ƙyamar abincinmu take. Alhali fulako ne kawai, a gidansu ba a cin abinci a gaban na gaba da kai, ko yunwa za ta kashe ka. Mu ma mun san da wannan, in aka bi asali kakana ma Bafulatani ne, sai dai na gari. Amma sani daban, tunawa daban.

Gwaggo ce ta lura. Wata rana muna tsakiyar ci, ana maganar wadda za ta je wata bita, sai ta tsame hannunta ta ce, "Tsaya. Tun zuwan yarinyar nan sau nawa ta je bita?" Aka dubi juna. Ba ta taɓa zuwa ba. Wata ta ce, "Ai ba ta taɓa nema ba." Gwaggo ta ce, "Ta nema a ina? A kwanon da ba ta ci?" Daga ranar ta kafa doka. A ci abinci, a yi gulma in ana so, amma maganar aiki sai da safe a ofis, kowa na tsaye, har maigadi. Duk takardar da ta zo a manna ta a ƙofa. "Abin da aka yanke a bakin kwano," in ji ta, "wanda bai ci ba an zalunce shi, ko da alheri aka yanke."

Mun bi dokar, muna gunaguni. Ni kaina na sha cewa Gwaggo ta cika sa ido a ƙananan abubuwa.

Da ta yi ritaya ban soke dokar ba. Lalacewa ta yi a hannuna a hankali. Ma'aikata sun ragu, aiki ya ƙaru, da safe kafin in ajiye jaka baranda ta cika. Taron safe ya koma sau ɗaya a mako, ya koma in an samu hali, ya ɓace. Maganar aiki ta koma inda ta fito. Ban ma lura ba, ko kuwa na lura na ce ai ni ba ni da mugun nufi ga kowa.

To bana sai ga takardar kwas ɗin ungozoma, gurbi ɗaya. A bakin kwano na karanta ta, hannuna duk manja. Akwai wata ma'aikaciyarmu, 'yar maƙwabciyarmu Hajiya, ƙawar mahaifiyata. Yarinya ce mai fara'a, in za ta gaishe ka har ƙasa take durƙusawa, kuma tana aikinta, ba zan yi mata ƙarya ba. Shekararta huɗu da mu. Ta ce, "Anti, don Allah ni dai." Sauran suka ce, "Ai ke kika dace." Na ce shi ke nan. A lokacin 'Yar Ruga na ɗakin haihuwa tana dafa kayan aiki. Kafin magariba labari ya kai gidan Hajiya, ta aiko mini da turaren wuta da godiya.

Ranar Juma'a na je Kazaure duba Gwaggo. Jikin ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi, amma bakin yana nan. Na ba ta labari ina murna, a zatona za ta ce madalla.

Ta rage rediyo. "A ina kika yanke?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Ke nake tambaya, 'yar nan. A ina?"

"Muna cin abinci ne, Gwaggo."

"Uhm." Ta gyara filo. "Bana in haihuwa ta zo da gardama, wa kike kira?"

"'Yar Ruga."

"Da kika tafi bikin ɗanki kwana biyar, wa kika bar wa asibitin?"

"Ita."

"Matan ruga da suke zuwa awo yanzu da yawa, wa ke musu Fulatanci?"

"Ita ce dai."

"To wa kika rubuta?"

Na ce ai ba ta nuna tana so ba. Na ce kwas ɗin yana son mai baki, mai iya shiga mutane. Na ce in Allah Ya kai mu baɗi sai a ba ta. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kin san shekarunta?" Ban sani ba. Ta ce, "Kwas ɗin nan yana da iyakar shekaru, yana rubuce a takardar da kika karanta. Bana ce ta ƙarshe gare ta. Waccan kuma tana da sauran shekaru a gaba. Ni da ke kwance a nan na sani, ke da kuke ɗaki ɗaya ba ki sani ba."

Nan raina ya ɓaci. Ina da zuciya, kowa ya san ni da ita, a wurinta ma na gado. Na ce, "Haba Gwaggo! Wato ni ce mai ƙabilanci? Ni da na raka yarinyar nan asibitin Kano da mahaifiyarta ba ta da lafiya? Kullum ke ba a yi miki daidai. Kin bar aikin nan, ki bar mini shi mana!"

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Ban ce ke muguwa ce ba. Ni da na bar mace a gindin bishiya, muguwa ce ni? Ido ne, 'yar nan, inda ya saba nan yake kallo. Sai kin kama shi kin juya shi da hannu, kuma kullum, ba rana ɗaya ba. Laifi tudu ne. Je ki gyara takardar."

Na ɗauki mayafina na ce sai an jima. Ta ce, "Ki gaida yara." Ban waiwayo ba.

Asabar da Lahadi na yi ta juya maganar. Na san tana da gaskiya, tun a kan babur ɗin komawa na sani. Amma na riga na yi alkawari a gaban mutane. Turaren Hajiya na kan madubina. Da wane ido zan dube ta, mace da ta yi wa mahaifiyata wankan gawa? Kuma, in faɗi gaskiya, ban so a ce shekara shida ina riƙe da asibiti har yanzu Gwaggo ce ke juya ni daga kan gado. Ranar Litinin na kai takardar yadda take. Na ce a raina ranar Juma'a zan koma in lallashe ta, in kai mata tsire mai laushi irin wanda take so.

Ranar Laraba aka kira ni a waya.

Bayan sadakar uku, Litinin da sassafe, na hau babur zuwa ofishin lafiya. Na samu shugaban sashen, ya yi mini ta'aziyya, ya ce shi ma a hannun Gwaggo ya koyi allura. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar da na kawo makon jiya nake so a ba ni, na yi kuskuren suna." Ya dafa goshi ya ce, "Kash! Tun ranar Alhamis sunayen suka tafi Dutse, an rufe." Na roƙe shi ya buga waya. Ya buga a gabana, Allah Ya saka masa, ya yi magana mai tsawo. Da ya ajiye ya ce bakin alƙalami ya bushe, sai dai baɗi. Na ce ba ta da baɗi. Ya ce, "To ai ke kika rubuto."

Ranar Talata na koma aiki. Ban tsaya gaisawa da kowa ba, na wuce ɗakin haihuwa. Tana nan tana shimfiɗa leda a kan gado. Ta ganni ta rusuna ta ce, "Anti, ya ƙarin haƙuri?"

Na rufe ƙofa na faɗa mata komai. Takardar, kwanon, abin da Gwaggo ta ce, abin da na yi duk da haka, da zuwana ofis jiya. Ban rage ba, don na san da Gwaggo ce ba za ta rage ba. Tana tsaye tana sauraro, kanta a ƙasa, hannunta riƙe da bakin ledar.

Na ce, "Kin san da kwas ɗin?"

"Na sani, Anti. Tun bara nake lissafin zuwansa."

"To me ya hana ki yi mini magana?"

Ta ƙara jan bakin ledar. Sannan ta ce, "Na ɗauka kina ganin aikina."

Na ce, "Wallahi ban taɓa ƙin ki ba, ko rana ɗaya."

"Na sani," in ji ta. "Da ƙina kike yi da na san abin da zan gyara."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, ina tsaye a gabanta da girmana. Ta jira na gama, ta miƙo mini tsumma mai tsabta, sannan ta ce akwai mai naƙuda da aka ce tana hanya daga Gwiwa, ko in matsa ta ƙarasa gyara gadon. Na matsa.

Wata mai zuwa 'yar Hajiya za ta tafi makaranta, in ta dawo ita ce ungozomar asibitinmu, kuma wadda ta koya mata riƙon almakashi za ta zama a ƙarƙashinta. Ni na rubuta hakan da hannuna, kwana uku bayan an faɗa mini gaskiya.

Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da jaririn nan da ta yi shekara talatin tana ba da labarinsa, Ka sa ya yafe mata. Ni kuma ban san wa zai sake tambayata a ina na yanke ba.